Basarke Ba Ya Sayen Kifi

Surukina ya yi shekara ashirin da 'yan kai a Makka bai sa kifi a bakinsa ba. Ba likita ne ya hana shi ba, ba kuma rashi ba ne. Taurin kai ne kawai irin na Kabawa, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta.

Basarke ne, masunci ɗan masunci daga ƙasar Kabi. A gidansu, in ji shi, namiji ba ya cin kifin da ba hannunsa ne ya fid da shi daga ruwa ba. Sayen kifi kuwa, ai gara a ce an kama ka da akuyar maƙwabci. Da wannan doka ya baro gida, ya ratso Chadi da Sudan da ita, ya zo ya zauna a garin da ko kududdufi babu, sai duwatsu da rana. Jidda da tekunta ga ta nan kusa, amma ba shi da takardar zama, kuma akwai shinge a hanya. Sai ya kama ga-ruwa a unguwar Hindawiyya, in hajji ya zo ya tafi Arfa ya yi wa alhazai dahuwa. Kullum yana cikin ruwa har gwiwar hannu, amma ruwan garwa ne.

Ni kuwa Bakatsine ne, direban taksi, na auri 'yarsa ta fari, muna zaune gida ɗaya. To kun san tsakanin Katsinawa da Kabawa wasa ne tun kaka da kakanni. Amma kuma suruki ne. Wallahi ban san azabar da ta kai wannan ba: ga Bakabe a gabanka yana zuba abin dariya, bakinka na ƙaiƙayi, amma dole ka durƙusa ka sunkuyar da kai ka ce, "Haka ne, Baba." Shi kuwa ya riƙe wuƙa ya riƙe nama. In ya ga dama ya tsokane ni a matsayin Bakabe, in na ɗaga ido sai ya koma suruki.

Da farkon aurenmu, in na kai fasinja Jidda nakan taho da kifi. Da zarar mai ya fara ƙara a kasko, sai Baba ya ɗauki buzunsa ya ce zai sha iska a waje. Wace iska ce a lungun Hindawiyya da tsakar rana? Wata rana na fito na same shi zaune daidai ƙarƙashin tagar kicin, ido a rufe, yana jan numfashi a hankali. Na koma da baya ban bari ya gan ni ba. Da na gaya wa mai ɗakina sai ta sauke kaskon, ta ce kada in ƙara kawo kifi gidan nan. Ta ce abin da take tsoro ke nan, a ce ubanta ya mutu da wannan kwaɗayi a ransa.

Shekarar da ya samu igama, wato takardar zaman, hajji ya faɗo a ƙarshen sanyi. Ashe tsohon nan ya daɗe yana shiri. Wani alhaji mutumin garinsu ya kawo masa gorar su, irin ƙatuwar nan da masunci ke kifa ciki a kanta yana yawo bisa ruwa. Yadda aka yi aka hau jirgi da ita, Allah kaɗai ya sani. Homa kuwa, wato ragar hannu mai baki kamar baka, shi ya saƙa biyu da kansa, ya ɓoye a ƙarƙashin gado. Alhazai na watsewa ya aika a kira ni.

"Bakatsine," in ji shi, "motag ga taka ta san hanyar teku?"

Na ce ta sani, Baba.

"To gaya mata ta shirya."

Ni dai iyakar sanina da teku in sauke alhazai a bakin tashar jiragen ruwa in juyo. Sai na tuna da bakaniken da ke gyara mini mota a Rusaifa, wani Balarabe haifaffen Jidda, wanda ba shi da hira sai ta kifi. Shi ba sana'arsa ba ce, nishaɗi ne, in ya gaji da baƙin mai sai ya rufe gareji ya tafi jefa fatsa. Na kai Baba wurinsa, ni ne tafinta, don Larabcin Baba bai wuce na cinikin ruwa ba.

Bakaniken ya ce mun zo a kan gaɓa. Sanyi ya wuce, zafi bai kankama ba, ruwa ya fara ɗumi, kifi ya matso bakin dutse neman abinci. Amma sai an yi sammako, don da safe teku take kwance, rana na takewa iskar arewa za ta taso ta birkita ta. In kuwa aziyab ce ke busawa, wato iskar kudu mai zafi da ƙura, gara mutum ya yi zamansa a gida.

"Sannan takalmi, ya Amm," in ji shi, wato baffa, yana nuna ƙafar Baba. "Kada wanda ya shiga ba takalmi."

Na fassara. Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Takalmi cikin ruwa? Hwaɗa mai masunci da ƙahwa shi ka gani. Shi dai ya ji da ƙarahunansa."

Na juya wajen bakaniken na ce, "Ya ce ya gode ƙwarai."

Ranar Alhamis bayan asuba muka ɗaure gora a kan taksi. Mai ɗakina ta cika mana buta da shayi, ta ja ni gefe ta ce, "Ka dawo mini da ubana." Ban ankara da nauyin maganar ba sai daga baya. Muna fita lungu maƙwabta suka dinga tambaya ko kunun gayya za mu dama. A shinge ɗan sanda ya duba igamar Baba ya miƙa masa, sannan ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa gorar, ya leƙa ciki, ya tambaye ni ko ganga ce. Na ce jirgi ne. Ya daɗe yana kallona kafin ya ɗaga mana hannu.

Bakaniken ya kai mu wani wuri kudu da Jidda, ba gida ba bishiya. Daga hagu ruwa ne marar zurfi shimfiɗe har nesa, daga dama kuma wani dutse ne mai faɗi kamar dakali, ƙarƙashinsa ruwa mai zurfi. Ba iska ko kaɗan. Baba ya fito daga mota ya taka zuwa bakin ruwa. Ya taɓa ƙetare tekun nan daga Sawakin ta Sudan, amma a kwance ya ƙetare ta yana amai, bai ko ɗaga kai ba. Yanzu ya durƙusa, ya ɗebi ruwan a tafin hannu, ya yi bisimilla ya kurɓa, ya tofar.

"Wanga miya ce aka ɓata," in ji shi.

Amma ba gishirin ne ya dame shi ba, hasken ruwan ne. Ruwan nan kana ganin ƙasansa tas, kana ganin kifi ja da kore da shuɗi suna kai da kawo kamar ranar kasuwa. Baba ya saba da ruwan kogi mai laka, inda kifi ba ya ganinka kai ma ba ka ganinsa, sai wanda ya fi wani wayo. Ya girgiza kai ya ce bai taɓa ganin ruwa marar kunya irin wannan ba, komai nasa a waje.

Ya tuɓe riga, ya ɗaure wando tamau, ni kuwa na kau da kai. Bakaniken ya miƙa masa wasu tsofaffin takalman roba, ya ture su da ƙafa. Ya kifa ciki a kan gora, homa a kowane hannu, ya tura kansa cikin ruwan nan marar zurfi.

Jama'a, abin da idona ya gani! Mu daga kan dutse muna hango komai. Duk inda Baba ya nufa sai kifaye su buɗe masa hanya da ladabi, in ya wuce su haɗe a bayansa. Ya juya hagu, su koma dama. Ya kai homa da ƙarfi, ya ɗago ruwa zalla. Har wasu ƙanana masu zane-zane suka dinga bin ƙafarsa a baya kamar 'yan rakiya. Ai dama an ce kifi na ganinka mai jar koma, to ranar na ga inda aka samo maganar. Da abin ya ishe shi sai ya fara dukan ruwa da ƙafa don ya tayar da laka, ya rufe musu ido yadda ake yi a gida. Ina laka? Ɗan farin yashi ya tashi ya koma ya kwanta.

Bakaniken ya yi dariya har ya zauna daɓas. Ni kuwa na cire hulata na cusa a baki, hawaye na zuba. Shekara nawa ina jiran Bakabe ya faɗo hannuna, ga shi ya faɗo, kuma ba halin in ce uffan.

Dariyar ba ta daɗe ba. Homar dama ta maƙale a cikin duwatsun ruwan nan masu rassa da kaifi, waɗanda Larabawa ke kira sha'ab. Baba ya ja, ta yage. Ya sauko daga kan gora don ya ɓanɓaro ta, ya dira da ƙafa biyu. Ashe wurin cike yake da wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi, bushiyar ruwa nake ce mata. Ya yi tsalle, ya faɗi da hannu biyu a kan 'yan'uwanta. Ihu ɗaya ya yi, ya haɗiye sauran. Kafin mu sa takalmi mu kai gare shi, gora ta sulale ta wuce bakin sha'ab, ta kama hanyar Sawakin ba fasfo ba igama.

Muka ɗauko shi muka zaunar a inuwar mota. Ƙayoyin sun kakkarye a cikin nama, ba sa ciruwa. Bakaniken ya matse musu lemon tsami, ya dinga bubbuga wurin da ɗan dutse, ya ce haka ake yi su narke. Ya yaga mayafin kansa ya naɗe masa hannuwa da ƙafafu. Duk wannan Baba bai ce wash ba. Idonsa na kan gorar, tana ƙanƙancewa har ta ɓace.

"Mu koma gida," in ji shi. "Ruwan ga bai san ni ba."

Nan dariya ta fita daga raina gaba ɗaya. Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, na kuma san in muka juya yau ba zai sake cewa a kawo shi ba. Sai na yi ƙarya, Allah ya yafe mini. Na ce mota ta yi zafi, sai ta huce. Na taka ƙafar bakaniken, ya ce ƙwarai kuwa, ai injin nan in bai huta ba sai ya fashe.

Don a kashe lokaci bakaniken ya hau kan dutse ya warware zaren fatsarsa, ya ba ni ɗaya. Ba sanda ba komai, zare ne kawai naɗe a jikin katako, da ƙugiya da dalma, da ɗan yankan kifi a matsayin abinci. Ya ce mu yi sauri, iska ta kusa tasowa. Ni da ko tarwaɗa ban taɓa kamawa ba na jefa nawa don kunya. Baba na can zaune ya ba mu baya.

Ban fi shan kofin shayi ba na ji an fizge ni kamar an ja akalar raƙumi. Zare ya ƙona mini yatsu. Na yi salati, bakaniken na ihu, "Ja! Ja da sauri, kada ka ba shi fuska!" Na ja kamu biyu, sai komai ya tsaya cak. Ya karɓa ya gwada, ya ja ta nan ya ja ta can, zare ya ƙi motsi.

"Halas, shi ke nan," in ji shi. "Ya shige rami. Wannan ko jirgi ba zai fid da shi ba." Ya zaro wuƙa zai yanke zaren.

"Mi yac ce?"

Baba ne a bayanmu. Da gwiwa da gwiwar hannu ya rarrafo. Na ce masa kifin ya shiga rami a jikin dutse, an haƙura.

"Rami?" Fuskarsa ta canza. "Kihi ya shiga rami, kuma ku yanke zare? Kai, Katsinawa da Larabawa, Allah ya shirye ku. Ai yanzu aka hwara su."

Ya fara ja da gindi zuwa bakin dutse. Bakaniken ya gane abin da zai yi, ya tare shi yana, "La, la, la, ya Amm!" Ya ce mini in gaya masa ramukan nan akwai wani abu kamar maciji mai haƙora, in ya kama yatsa sai dai a bar masa. Wannan karon na fassara dalla-dalla, har na ƙara gishiri. Baba ya ce shi da ya sa hannu a ramin da kada ke kwana, ba za a tsorata shi da tsutsa ba. Na roƙe shi don Allah don Annabi, bai ko dube ni ba. Sai na ji bakina ya kuɓuce.

"Kai Bakabe! Wai kai wane irin tsoho ne? Me zan gaya wa 'yarka?"

Ya juyo ya dube ni, har da ɗan murmushi.

"Ashe kana da baki. Riƙe zaren."

Ya sulale cikin ruwa ba ko ƙara. Muna ganinsa yana bin zaren da hannu yana gangarawa, farin ƙyallen hannunsa na warwarewa, har ya kai zurfin tsayin mutum biyu ya manne da dutse. Na karanta Ƙulhuwallahu ban san ko sau nawa ba. Ga iska ta fara tasowa, fuskar ruwa ta fara yamutsewa, ba ma ganinsa sosai. Sai ga kansa ya ɓullo, hannu wofi.

"Sassauta zaren, Bakatsine! Ka shaƙe shi, ya buɗe kunnuwa ya tokare ramin. Sake mai shi sake jiki."

Na saki zare. Ya ja numfashi ya koma. Wannan karon ya daɗe har bakaniken ya fara cire riga. Ina ta tunanin yadda zan shiga lungunmu ni kaɗai. Sai zaren ya yi laƙwas a hannuna, ruwa ya dare, Baba ya taso da hannunsa na dama cikin kunnen wani ƙaton kifi ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi, ya rungume shi a ƙirji, kifin na marinsa da wutsiya.

"Najil!" in ji bakaniken. "Wallahi najil!" Sunan kifin ke nan a wurinsu.

Na miƙa hannu in karɓa, Baba ya daka mini tsawa. Sai da muka kama shi ta hammata muka jawo su tare, shi da kifin, sannan ya ajiye shi a kan dutse da hannunsa. Ya kwanta rigingine yana haki, idanu jawur don gishiri. Bakaniken ya durƙusa ya sumbaci kansa, ya ce shekarunsa a bakin tekun nan bai taɓa ganin haka ba. Na fassara wannan ma ba ragi.

"Hwaɗa mai," in ji Baba, "ruwansu ne daban. Rami ko'ina rami ne."

Zuwa lokacin iska ta yi ƙarfi, teku ta fara dukan dutse. Muka koma bayan mota, bakaniken ya hura gawayi, ya tsaga kifin ya sa gishiri da lemo ya ɗora. Ƙanshi ya tashi. Baba ya matso har hayaƙi na shiga idonsa bai kauce ba. Da ya gasu aka ajiye masa a faranti a gabansa, ni kuwa na ja gefe na juya baya, don ba a taɓa ganin na zauna inda surukina ke cin abinci ba.

Na jira in ji motsin ci, shiru. Na saci kallo. Hannuwan nan sun kumbura suntum, ƙaya a ciki, ga kunnen kifi ya yayyanka yatsun. Ya kai hannu ya ɗauko tsoka, yatsu suka ƙi haɗuwa, ta faɗi a yashi. Ya sake, ta sake faɗuwa. Bakaniken ya matso zai ba shi a baki, Baba ya kau da kai, ya ce baƙo ba ya ciyar da shi kamar jinjiri. Ya zauna yana kallon kifinsa yana hucewa.

"Bakatsine," in ji shi a hankali. "Wanke hannunka."

Na wanke. Na zo na durƙusa a gefensa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Kada ka dube ni."

"To, Baba."

Na ɓare tsoka fara mai tururi, na lalube ta na cire ƙaya, na juya fuskata wajen teku na miƙa hannu baya. Ta farko a hanci na kai masa.

"Ƙasa kaɗan, ɗan banza. Haka kake tuƙin motar?"

Na sauko da hannu. Na ji ya yi bisimilla, ya karɓa. Ya daɗe yana taunawa, tsokar da ko marar haƙori zai haɗiye nan take. Na miƙa ta biyu, sai na ji wani abu mai ɗumi ya ɗiga a bayan hannuna, ya sake ɗiga. Ban juyo ba. Ni ma tekun da nake kallo ta daina ganuwa sosai.

"Ƙaro," in ji Baba. "Ta wajen kai."